Luther Evans: Ya Iya Karanta Gwamnati, Amma Bai Iya Ce Mata A'a Ba

Duk lokacin da kujerar shugaban laburaren ƙasa ta zama babu kowa a kai, gardama ɗaya ce take tashi. Masu sana'ar laburare su ce lallai sai nasu, wanda ya yi karatun aikin, ya san yadda ake rajistar littafi da yadda ake jera shi a kanta. Masu naɗi kuwa su ce kujerar ta fi ƙarfin mai jera littattafai, ana buƙatar mutum mai suna. A Amurka an yi wannan ja-in-ja a 1939, sa'ad da Shugaba Franklin Roosevelt ya ɗauko mawaƙi Archibald MacLeish ya ɗora shi kan Laburaren Majalisar Dokoki. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasar ta yi ta kumfar baki, amma aka yi kunnen uwar shegu da ita. Bayan shekara shida, a watan Yunin 1945, Shugaba Harry Truman ya ba Luther Harris Evans kujerar. Shi ma bai taɓa zama a ajin koyon aikin laburare ba. Digirinsa uku duk a ɓangaren siyasa da mulki ya yi su.

Wanda ya bi tarihin mutumin nan a tsanake zai ga cewa ɓangarorin biyu duk sun bar jaki suna dukan taiki. Rashin takardar shaidar sana'a bai hana Evans komai ba. Ilimin siyasarsa shi ya buɗe masa ido ya ga abin da laburaren ƙasa zai iya zama, kuma wannan ilimi ne dai ya koya masa yawan lissafin inda iska ke kaɗawa, har ranar da ya kamata ya tsaya a kan ƙafarsa sai ya sunkuya.

An haife shi a 1902 a karkarar gundumar Bastrop ta jihar Texas. Ya yi digiri na farko da na biyu a Jami'ar Texas da ke Austin, ya kammala na uku a Stanford a 1927, inda ya yi bincike kan yankunan da aka ƙwace daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ba wasu ƙasashe riƙon amana. Ya koyar a Jami'ar New York da Dartmouth da Princeton. Da a nan ya tsaya, da yau ba mai tuna sunansa.

Aikin da ya fito da shi ya zo ne a 1935, tsakiyar karayar tattalin arziki, lokacin da gwamnatin Roosevelt take neman abin da za ta ba marasa aiki su yi don ta biya su. Masu ƙarfi an tura su gina hanyoyi da gadoji. To akawu fa, da malamin makarantar da aka sallama, da lauyan da ba ya samun shari'a? Evans ne aka ba jagorancin shirin ƙidayar takardun tarihi na ƙasa, wanda ya ɗauki irin waɗannan mutane dubbai. Manufar a baki mai sauƙi ce: a shiga ofishin kowace gunduma, kuma gundumomin Amurka sun haura 3,000, a rubuta duk takardun da ke ajiye a ciki.

A aikace kuwa ba ƙaramin jan aiki ba ne. Ma'aikaci zai sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na kotun gunduma ko ya hau saman silin, ya tarar da kundaye jibge cikin ƙura, wasu ruwa ya taɓa, wasu ɓera ya ci gefensu. Zai fara da rarrabe su bisa ofishin da ya samar da su: na magatakardan kotu daban, na mai karɓar haraji daban, na rajistar filaye daban. Sannan ga kowane jeri ya cike fom: sunan da ke bangon kundi, shekarar farko da ta ƙarshe, kundi nawa ne ko akwati nawa, girmansu, ko da hannu aka rubuta ko da tafireta, yadda aka jera abin da ke ciki, ko akwai fihirisa, shekarun da suka ɓata a tsakani, da ɗakin da aka ajiye su. Fom ya tafi ofishin jiha, edita ya duba, in ya ga saɓani ya mayar a sake aunawa. Daga nan a tura Washington a sake tacewa kafin a buga.

Gudummawar Evans ta musamman tana cikin wani sharaɗi da ya kafa. Ya ce kowane kundin ƙidaya sai ya zo da bayanin yadda gundumar ta samu, da dokar da ta kafa kowane ofishi, da takardun da doka ta wajabta wa ofishin ya ajiye. Wannan tunanin malamin siyasa ne, kuma daidai ne. Takardar hukuma ba ta da ma'ana sai an san ikon da ya haife ta. Idan doka ta ce magatakarda ya ajiye rajistar aure tun daga wata shekara, kuma ba a ga ta shekara goma ba, to an gano ɓata. In ba a san dokar ba, ba wanda zai san akwai abin da ya ɓace. Mai jera littafi yana farawa da abin da ke hannunsa, Evans kuwa ya fara da abin da ya kamata a ce yana nan.

Sai dai wannan tsanani na da tsadarsa. Aikin shiga ofisoshi ya yi nisa ƙwarai, an zagaya mafi yawan gundumomi, amma tacewa da rubuta bayanin doka suna cin lokaci, kuma masu iya yin su kaɗan ne. Da aka rufe shirin a 1942 saboda yaƙi, kundayen da aka buga ba su wuce na kusan kashi ɗaya cikin biyar na gundumomin ba. Sauran fom-fom ɗin aka bar wa jihohi, kowace ta yi yadda ta ga dama. Wasu sun adana, wasu sun manta da su a sito, na jihar Maine ma cikin teku aka zubar. Evans ya riga ya bar aikin tun 1939, don haka ba za a ɗora masa laifin zubarwar ba. Amma halin da zai bi shi har ƙarshe ya riga ya bayyana a nan: yana buɗe baki fiye da abin da maƙogwaron hukumarsa zai iya haɗiyewa.

MacLeish ne ya jawo shi laburaren Majalisa a ƙarshen 1939, ya ba shi sashen da ke yi wa 'yan majalisa bincike. Wannan sashe shi ne jijiyar da ta haɗa laburaren da masu ba shi kuɗi. Ɗan majalisa zai aiko da tambaya, misali yadda wasu ƙasashe ke karɓar harajin gado, ko abin da kotu ta taɓa cewa kan wani sashe na doka, a haɗa masa amsa ba tare da nuna ɓangaranci ba. Bai daɗe ba aka ɗaga shi ya zama babban mataimaki, kuma da yake yaƙi ya janye MacLeish zuwa wasu ayyukan gwamnati, Evans ne yake riƙe gidan a mafi yawan lokuta.

Gidan da suka tarar yana cikin wani hali. Binciken da aka yi a farkon zuwan MacLeish ya nuna cewa cikin littattafai da ƙasidu kusan miliyan 5.8, kimanin miliyan 1.5 ba a gama musu rajista ba, kuma tulin yana ƙaruwa da kusan 30,000 duk shekara. Wanda bai san aikin ba zai ce ai littattafan suna nan, ina matsala? Matsalar ita ce littafin da ba shi da kati tamkar babu shi ne. Tun daga 1870 doka ta ce duk mai son a yi wa littafinsa rajistar haƙƙin mallaka a Amurka sai ya ajiye kwafi biyu, don haka littattafai na kwararowa ko an so ko ba a so. Kowane ɗaya sai an buga masa hatimi, an duba ko akwai irinsa, an tabbatar da ainihin sunan marubucin don kada a cakuɗa shi da mai irin sunansa, an rubuta siffar littafin, an zaɓa masa kanun fanni, an ba shi lambar kanta, an ɗaure shi in ba shi da bango mai ƙarfi, sannan a buga kati mai faɗin santimita 12.5 da tsawon 7.5 a saka a durowa. Inda aikin ke maƙalewa shi ne tabbatar da suna da zaɓar fanni, domin suna buƙatar wanda ya san harshen littafin. Littafin Larabci ko Sinanci zai iya shekaru a ƙasa yana jiran mutum ɗaya tilo da ke iya karanta shi. Kuma tun 1901 laburaren yana sayar wa sauran laburarorin ƙasar waɗannan katuna, saboda haka jinkiri a Washington jinkiri ne a ko'ina. A zamanin Evans aka fara fitar da jerin katunan a matsayin littafi da ake bugawa a kai a kai daga 1947, aka kuma fitar da sauƙaƙan ƙa'idojin siffanta littafi a 1949, waɗanda suka rage ƙaƙale-ƙaƙalen da ke cinye lokacin ma'aikaci.

Amma zuciyarsa ba a kan kati take ba, a kan tarawa take. Yaƙi ya nuna wa Amurka cewa ta jahilci duniya. An nemi taswirori da littattafan wasu yankunan da sojoji za su shiga aka rasa. Evans ya ɗauki wannan a matsayin hujja, ya tsaya kan cewa babu lungun duniya da Amurka za ta ce ba ruwanta da shi, don haka duk abin da aka buga mai amfani a ko'ina sai an samu kwafinsa a cikin ƙasar. Yaƙi na ƙarewa ya tura tawaga Turai, tana aiki ƙarƙashin inuwar sojojin Amurka, tana sayen abin da aka buga a shekarun da hanya ta toshe. An samo littattafai sama da 800,000, aka raba wa laburarori fiye da 100 bisa fannin da kowanne ya zaɓa. Ba duka aka saya ba, wasu kayan hukumomin Nazi ne da sojoji suka ƙwace, kuma iyakar da ke tsakanin ceto da ganima a irin wannan yanayi siririya ce.

Daga wannan aka shiga tsarin da ake kira shirin Farmington a 1948, wanda ƙungiyar manyan laburarorin bincike ta gudanar, laburaren Majalisa na ciki tsundum. An fara da Faransa da Suwidin da Suwizalan. A kowace ƙasa a naɗa dillalin littattafai guda, shi zai zaɓi kwafi ɗaya na duk sabon littafi mai amfani ga bincike, ya aika wa laburaren da aka ware wa wannan fanni. Wanda ya karɓa ya biya, ya yi rajista da wuri, ya sanar da babban jerin ƙasa, ya kuma yarda ya ba da aro. Tsari ne mai kyau a inda kasuwar littafi ke da tsari. Rauninsa shi ne an damƙa zaɓi a hannun ɗan kasuwa, kuma jaridu da mujallu da takardun gwamnati ba sa cikin yarjejeniyar. A ƙasashen da marubuci ke buga littafinsa da kuɗinsa ya kai wa masu shimfiɗa a kasuwa, dillalin babban birni ba ya ko jin labarinsa. Sai bayan tafiyar Evans aka gane cewa dole laburaren ya buɗe ofisoshinsa a can, aka buɗe na New Delhi da Alƙahira a farkon shekarun 1960, na Nairobi a 1966.

Yanzu ga inda malamin siyasa ya faɗi jarrabawar siyasa. A 1946, bai cika shekara a kujera ba, ya kai wa Majalisar Wakilai kasafin da ya nemi a ɗaga kuɗin laburaren daga ɗan abin da ya haura dala miliyan 5 zuwa kusan miliyan 10. Ya zo da hujjoji dalla-dalla, kuma galibinsu gaskiya ne. Kwamitin kasafi ya ba shi kimanin miliyan 6, ya kuma jefa masa tambayar da ta fi ragin ciwo: wa ya ce wannan laburaren ƙasa ne? A doka sunansa Laburaren Majalisa, kuma Majalisa ba ta taɓa yanke cewa ya zama wani abu da ya wuce haka ba. Evans ya mayar da martani irin na malamin jami'a. Ya sa aka rubuta dogon tarihin laburaren a rahoton shekara, ya kafa kwamitin masana ƙarƙashin Keyes Metcalf na Harvard, wanda ya ba da shawarar a faɗaɗa aikin a hukumance. Majalisa ta karɓi rahoton ta ajiye, ba ta ce uffan ba.

Kuskuren ba na lissafi ba ne, na tsari ne. Ɗan majalisar da ke kwamitin kasafi ba ya jin yaren “matsayin Amurka a duniya” in ana maganar laburare. Abin da yake ji shi ne amsar tambayarsa ta zo da wuri ko ba ta zo ba, kuma me zai gaya wa mutanen mazaɓarsa. A wannan shekarar ce ma dokar sake fasalin Majalisa ta 1946 ta ƙarfafa sashen binciken 'yan majalisa, wato ƙofa a buɗe take ga wanda zai shiga ta nan ya riƙa neman ƙari kaɗan-kaɗan. Evans ya nemi ninki a tashi ɗaya, a lokacin da kowa ke maganar tsuke bakin aljihu bayan yaƙi. Ya ƙara da yawan tafiye-tafiye zuwa tarukan UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, har 'yan majalisa suka riƙa ganin hankalinsa ba ya gida. Tarin kayan laburaren ya tashi daga kusan miliyan 25 zuwa kusan 32 a shekara takwas da ya yi, amma ma'aikata da wurin ajiya ba su bi sahu ba. Wanda ya gaje shi ne ya biya bashin.

Kada a ɗauka bai iya dabara ba. In ya ga dama ya iya, har ya fi kowa. Takardar ayyana 'yancin kan Amurka da kundin tsarin mulkinta suna hannun laburaren tun 1921. Da aka gina Taskar Adana Takardun Ƙasa a shekarun 1930, an yi mata zaure na musamman domin waɗannan takardu, amma tsohon shugaban laburaren, Herbert Putnam, ya ƙi sakin su, zauren ya zauna yana jira. Evans, wanda ya yi shekara huɗu yana koya wa mutane cewa takardar hukuma gidanta taskar hukuma, ya san inda gaskiya take. Ya kuma san in ya miƙa su da hannunsa, ma'aikatansa da tsofaffin gidan ba za su yafe masa ba. Sai shi da shugaban taskar, Wayne Grover, suka shirya a asirce cewa kwamitin haɗin gwiwa na Majalisa mai kula da laburare ya ba da umarni. Umarni ya fito, Evans ya bi kamar wanda aka tilasta. Ranar 13 ga Disamba 1952 aka ɗauki takardun cikin motar sulke, da rakiyar tankoki da sojoji. Shugaban hukuma da zai rabu da abin da ya fi jawo masa baƙi saboda ya san ba nan ne muhallinsa ba, irinsa ba su da yawa a ko'ina.

Haka ya yi da rubutun hannu na asali na labarin Alice, shahararren littafin yara na Ingilishi da Lewis Carroll ya rubuta. Ya tara kuɗi daga masu hannu da shuni aka saye shi a gwanjo kan dala 50,000, sannan a 1948 ya kai shi Landan da kansa ya damƙa wa gidan tarihin Birtaniya, a matsayin godiya kan tsayin dakan da ƙasar ta yi a farkon yaƙi. A 1952 kuma shi ya jagoranci wakilan Amurka a Geneva wajen ƙulla yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta duniya. Kafin ita, Amurka na wajen yarjejeniyar Berne, tsohuwar yarjejeniyar ƙasashe kan haƙƙin mallakar marubuta, domin dokarta tana buƙatar rajista da wasu sharuɗɗa da Turawan Turai ba su yarda da su ba. Mafitar da aka samu ita ce alamar © tare da sunan mai haƙƙi da shekarar bugu na farko: in littafin baƙo na ɗauke da su, ya cika sharaɗi. Wannan gadar ta riƙe har Amurka ta shiga Berne a 1989.

Duk waɗannan na cikin ma'auninsa na alheri. Ɗaya hannun ma'aunin yana ɗauke da abu guda, amma mai nauyi.

A watan Maris 1947 Truman ya sa hannu kan umarnin tantance biyayyar ma'aikatan gwamnati, lokacin da tsoron gurguzu ya fara kama ƙasar. Umarnin ya shafi ɓangaren zartarwa ne. Laburaren yana ƙarƙashin Majalisa, don haka bai hau kansa ba. Evans da kansa ya shigar da ma'aikatansa ciki. Yadda abin ke tafiya kuwa: a ɗauki hoton yatsun ma'aikaci, a tura sunansa hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, in an ga wani abu, ko da sa hannu ne a wata takardar koke shekara goma baya ko shiga wata ƙungiya da daga baya aka sa ta a jerin waɗanda ake zargi, sai a buɗe cikakken bincike. Daga nan a kira shi gaban kwamiti, ba a gaya masa wanda ya kai sukarsa, ba ya ganin fayil ɗin. Wasu an sallame su, wasu sun ajiye aiki da kansu don kada a tona rayuwarsu ta sirri, wasu kuma an hana su shiga tun daga ƙofa. Duk wannan a gidan da shugabansa ke tashi a taro yana jawabi kan 'yancin karanta kowane irin littafi.

Rikicin mawaƙi Ba'amurke Ezra Pound a 1949 ya ƙara masa ɗari-ɗari. Wani kwamitin mawaƙa da ke ƙarƙashin laburaren ya ba Pound kyautar dala 1,000, alhali ana tuhumarsa da cin amanar ƙasa saboda farfagandar da ya yi a rediyon Roma lokacin yaƙi. Ƙasa ta ɗauki zafi. A nan Evans ya kare 'yancin alƙalan, ya ce ba aikinsa ba ne ya sa siyasa cikin hukuncin waƙa. Majalisa ta hana laburaren ba da kowace irin kyauta, kyautar ta koma Jami'ar Yale. Abin lura shi ne ya iya tsayawa don ƙa'ida idan ana maganar littafi, amma da aka zo kan mutanen da ke karɓar albashi a hannunsa, sai ƙafar ta yi sanyi.

A watan Yulin 1953 ya ajiye aiki ya zama babban daraktan UNESCO na uku, kuma shi kaɗai ne Ba'amurken da aka taɓa zaɓa a wannan kujera. A makonninsa na farko aka yi taron UNESCO kan bunƙasa laburarorin jama'a a Afirka a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wanda aka shirya tun kafin zuwansa, kuma daga nan ne ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Afirka ta Yamma ta samo asali. A shekarunsa ne kuma hukumar ta haɗa hannu da gwamnatin Gabashin Najeriya kan laburaren gwaji na Enugu. Ya tattara ɗaruruwan ƙananan ayyukan hukumar zuwa manyan shirye-shirye kaɗan, Tarayyar Sobiyat ta shigo a 1954, aka buɗe sabon ginin hedikwata a Paris a 1958.

Amma jarrabawar da ya faɗi a Washington ta biyo shi Paris. Gwamnatin Amurka ta kafa kwamitin tantance 'yan ƙasarta da ke aiki a hukumomin duniya. A 1954 wasu ma'aikatan UNESCO Amurkawa bakwai suka ƙi bayyana gabansa, bisa hujjar cewa ma'aikacin hukumar duniya ba ya karɓar umarni daga gwamnatin kowace ƙasa, har da tasa. Wannan ba ra'ayinsu kawai ba ne, haka yake a kundin da ya kafa UNESCO, kuma Evans na cikin wakilan Amurka a taron Landan na 1945 da ya rubuta kundin. Ya raba su da aikinsu, wasu ta hanyar ƙin sabunta kwantiragi, wasu da sallama. Suka kai ƙara kotun ma'aikata ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta ba su gaskiya, ta ce a mayar da su ko a biya diyya. UNESCO ta garzaya Kotun Duniya da ke Hague neman a ce kotun ma'aikatan ta wuce gona da iri. A watan Oktoban 1956 Kotun Duniya ta ce hukuncin na nan daram. Aka biya diyya, amma ba a mayar da su bakin aiki ba.

Masu kare shi suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce Amurka ce ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin UNESCO, 'yan majalisarta na neman dalilin janyewa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A laburare ma, in ya ƙi tantancewar, kwamitin kasafin da ya riga ya ƙi jininsa zai samu sanda. Ya sadaukar da kaɗan don ya ceci gida, in ji su. Matsalar wannan hujja ita ce cinikin bai biya ba. Bayan duk biyayyar da ya nuna, a 1954 kwamitin kasafin nan ya fito ya ce laburaren ya zarce aikin da aka kafa shi don shi, ya zaftare kuɗinsa. A UNESCO kuwa, tsiraru ne suka gamsu, kuma bayan shekara talatin Amurka ta fice a ƙarshen 1984 kan wasu dalilai dabam. Abin da ya rage a tarihi shi ne hukuncin kotu da sunansa a ɓangaren da ya sha kaye. Kuma ba za a yi masa uzurin jahilci ba. Da ma'aikacin laburare ne da bai san dokar ƙasa da ƙasa ba, da sai a ce an ruɗe shi. Wannan kuwa fanninsa ne, a kansa ya yi digiri.

Wanda ya gaje shi a 1954, L. Quincy Mumford, shi ne na farko a kujerar da ya fito daga makarantar koyon aikin laburare. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya yawan tafiya, yana zuwa gaban kwamiti da ƙananan buƙatu da bayanin kowace dala. Ya yi shekara ashirin, kuma a hannunsa kasafin ya ninka sau da yawa, aka buɗe ofisoshin ƙasashen waje, aka fara rajistar littafi da kwamfuta, aka samu amincewar gina gini na uku. Masu sana'a suna kafa hujja da shi su ce ga amfanin naɗa nasu. Sai dai kusan duk abin da Mumford ya gina, taswirarsa na cikin takardun da Majalisa ta yi watsi da su a 1946 da 1947. Ɗaya ya zana, ɗaya ya san yadda ake roƙon kuɗin bulo. Shirin tantance biyayyar ma bai tsaya ba ranar da ɗan sana'a ya hau.

Evans ya bar UNESCO a 1958, ya yi wa cibiyar nazari ta Brookings da ke Washington binciken laburarorin ma'aikatun gwamnati, sannan ya riƙe sashen littattafan shari'a da harkokin duniya a Jami'ar Columbia daga 1962 zuwa 1971. Ya rasu a San Antonio a watan Disambar 1981. Tambayar da kwamitin kasafi ya jefa masa har yau ba a amsa ta a doka ba: gidan na yin aikin laburaren ƙasa, amma sunansa na Majalisa ne, shugaban ƙasa ne ke naɗa mai riƙe shi, Majalisar Dattawa ta tabbatar. A 2015 aka ƙayyade wa kujerar wa'adin shekara goma. Ta farko da ta hau ƙarƙashin wannan doka, Carla Hayden, ƙwararriyar ma'aikaciyar laburare ce mai digiri na uku a fannin, ta taɓa shugabantar ƙungiyar nan da ta yi adawa da MacLeish. A watan Mayun 2025, saura shekara guda da 'yan watanni wa'adinta ya cika, Fadar White House ta sallame ta da gajeren saƙon imel.